Babu Wuri a Motar Dungas

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna, wadda ta haife ni, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ranar da ta ji daɗi kuma "yarinyar nan". Ba ta yi mini kitso, sai dai ta tura ni gidan maƙwabta. An ce ko nono sai kowa ya fita daga ɗaki sannan take ba ni. In na faɗi na ƙuje gwiwa, sai ta ɗaga murya ta ce, "Wai ba mai ɗaga ta ne a gidan nan?" ita kuwa tana tsaye da muciya a hannu tana kallon katanga. Kunya ake ce wa abin, har yabon mace ake yi a kansa. Ni a lokacin ina ruwana da yabo? Abin da na gani shi ne ƙanena yana hawa jikinta yadda ya ga dama, har ya ja mata ɗankunne, ni kuwa ko gefen zanenta na kama sai ta zame. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba. Na sha zama a bayan rumbu ina tambayar kaina ko matar nan tana sona.

Wuri ɗaya ne tak nake samun jikinta, shi ne cikin motar Dungas.

A Magarya muke zaune, lokacin Nasara na nan, kumandan, Baturen mulki, yana barikinsa. Baba tela ne, yana da kekensa a wata rumfa a bakin kasuwa. Inna kuwa 'yar Dungas ce, can uwarta take, wadda muke kira Kaka. Kowace bazara, in cinikin gyaɗa ya ƙare, zafi ya taso, ruwa bai sauka ba balle gona ta nemi mutum, sai mu ɗaura kaya mu tafi ganin Kaka. Manyan motocin da ke kwasar gyaɗa, waɗanda muke ce wa kamiyo, in buhuna sun ƙare sai su koma ɗaukar 'yan kasuwa. Ɗaya daga cikinsu takan tashi daga gindin tsamiya ranar jajibirin kasuwar Dungas. Ba ta da lokaci. In ta cika ta tashi, kuma direban bai taɓa yarda cewa ta cika ba.

Tun ana gobe tafiya Inna ke shiri. Ta daka fura, ta ƙulla ƙuli-ƙuli a tsumma, ta wanke gorar ruwa. Tsarabar Kaka ba ta canzawa: sabulu, gishiri, goro a cikin ganye, da ƙyallayen da suka rage a ƙarƙashin keken Baba, waɗanda tsohuwar ke haɗawa ta yi wa matashinta riga. Ni ba na iya barci sosai, ba don Dungas ba, Allah ya sani. Dungas ai gari ne kamar kowane gari. Hanyar nake so.

Ga yadda ake loda motar. Buhunan gishiri da na kanwa a ƙasa, tabarmi da kwanduna a kansu, sannan mutane. Mata da yara a gaba, kusa da kan mota, maza a baya suna lilo da ƙafafu. Awaki a ɗaure a tsakani, kaji kuwa duk inda Allah ya ajiye su. In mace ta zauna, to ta zauna ke nan, ko ƙafarta ta yi sanyi ba ta da inda za ta miƙe ta. Goyo ba ya zama a baya, don katako zai matse shi, dole a juyo da shi gaba. Allah kuwa bai hana Inna goyo ba, da farko ƙanena, daga baya ƙanwata. To sai ta zauna a kan buhu, ta dubi hagu ta dubi dama, ta yi tsaki yadda kowa zai ji, ta ce, "Ke, zo nan, babu wuri." In zauna a cinyarta, ta ɗora mini jariri a tawa cinyar, ta zagayo da hannuwanta ta riƙe shi. Jaririn take riƙewa, kowa shaida ne. Sai dai kafin hannu ya kai gare shi dole ya bi ta kaina.

Haka za mu yi ta tafiya cikin rairayi, goruba na wucewa, gawo na wucewa da ɗanyen ganyensa a tsakiyar rani, can kuma rijiya da shanu sun kewaye ta. Bayana na jingine da ƙirjinta. Ina jin ƙanshin hayaƙi da man gyaɗa a jikinta, ina jin numfashinta a ƙeyata. In mota ta faɗa rami haɓarta ta taɓa tsakiyar kaina, hannuwanta su ƙara matsewa. Mata suna salati, suna tsine wa direba, ni kuwa a zuciyata ina roƙon Allah ya ƙaro ramuka. Ban taɓa yin barci a hanyar nan ba, ko sau ɗaya, don kada a yi asarar tafiyar.

In mun isa, Kaka na tsaye a gindin kukar da mota ke tsayawa. Ita da ni wasa muke yi, irin na kaka da jika. "Wa ya kawo mini wannan mai kan ƙwaryar?" in ji ta. Ni kuma in ce, "Tsohuwa, har yanzu kina nan? Mun zo gadon tukwane." Ta rungume ni, ta ɗauki ƙanena, ta karɓi jariri, ta gaishe da Baba har da tambayar keke. Inna kuwa ko kallon inda take ba ta yi. Don Inna ma 'yar fari ce. Za ta durƙusa ta ce, "Mun same ku lafiya?" Kaka ta amsa wa iska, "Lafiya," ta juya ta yi gaba. A gida za mu tarar an share ɗaki an yayyafa ruwa, an ajiye dabinon da Inna ke so a cikin faifai, amma ba mai cewa don wa aka ajiye. A lokacin ban kawo komai a raina ba, na ɗauka haka manya suke.

Shekarar da nake son ba da labarinta, na yi tsawo. Na fara ɗauko tulu daga rijiya ba tare da an ɗora mini ba. Maƙwabciyarmu mai yi mini kitso ta ja kaina ta ce, "Bana kam kin wuce zama a cinya, sai dai a ba ki naki buhun." Ta faɗa ne da wasa, amma maganar ta zauna mini a ciki. Na san in ma na samu bana, to ita ce ta ƙarshe.

Ana saura kwana kaɗan sai Baba ya shigo gida da fara'a. Wani attajiri da yake yi wa ɗinki ya sayi sabuwar kamiyo, za ta tafi Dungas ɗauko fatu, kuma ba komai a cikinta. Attajirin ya ce mu shiga, alheri ne. "Mu kaɗai," in ji Baba, yana buɗe hannuwa. "Kowa ya miƙe ƙafa, mai son kwanciya ya kwanta. Bana ba akuyar da za ta yi mini fitsari a riga." Ƙanena ya yi ta tsalle. Inna ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da tankaɗe. Ni tuwon ranar ma kasa cinsa na yi. Wa zan gaya wa? In ce me? In ce ina son motar da ake matse mutum har ya rasa numfashi?

Ranar tafiya da hantsi muka iso gindin tsamiya. Ga ta nan tsaye, kore shar, tana warin sabon fenti, cikinta fayau, sai ka ce an share tsakar gida. Can gefe kuma tsohuwar motar kasuwa, ko rabin lodi ba a yi ba. Baba ya jefa ƙullin kayanmu, ya ɗaga ƙanena, yaron ya hau gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Attajirin da kansa yana tsaye da carbi, ana ta yi masa Allah ya sa alheri. Na tsaya rungume da gorar ruwa ina duban inda zan zauna, ko'ina wuri ne.

Inna ta matso da ƙanwata a baya. Ta leƙa cikin motar, ta daɗe tana leƙe. Sannan ta ja da baya.

"Malam, ni ba zan shiga wannan da jaririya ba."

Baba ya juyo. "Me kika ce?"

"Motar da ba kaya tsalle take yi. Yarinyar nan ko maɗigarta ba ta rufe ba. Zan jira ta kasuwa."

"Haba, ke kuwa! A ba mutum inuwa ya ce rana yake so? Kin san lokacin da waccan za ta tashi?" Ya rage murya don attajirin na jinsu. "Kada ki ba ni kunya a gaban mutane."

"Ku yi gaba, ku ce muna tafe."

Inna ba mai musu da Baba ba ce, ban taɓa jin ta yi ba. Amma ranar ta kafe, tana ta gyara ɗaurin goyo da ba abin da ya same shi. Direban sabuwar motar ma ya sa baki, ya ce zai tafi a hankali, ta ce ta gode. Baba ya ga ba dama ya mai da alherin mutum, dole shi ya shiga. Ya sa ƙafa a kan taya, sai ya tuna da ni.

"To ita wannan ta zo mu tafi, ta rage miki wahala."

Ban ɗaga kai ba, ƙasa nake kallo, ina kallon yatsun Inna a cikin takalmi. Har na fidda rai. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wa zai riƙe mini gora?"

Baba ya girgiza kai, ya haye. Sabuwar mota ta tafi da shi da ƙanena, yaron yana ɗago mini hannu yana gwalo.

Mun sha zama a ranar. Inuwar tsamiya ta yi ta matsawa muna bin ta da tabarma. Ana loda gishiri, ana sauke shi, ana sake lodawa, wani mai raguna ya yi faɗa ya tafi ya dawo. Jaririya ta yi kuka, ta sha nono, ta yi barci. Ni kuma ina ta juya maganar maɗiga a raina, don gaskiya ce, motar da ba kaya tana tsalle, kowa ya sani. Wataƙila iyakar abin ke nan. Wataƙila da gaske gorar ce. Da rana ta take, ta sayi mangwaro wurin wata mai talla, ta ajiye a tabarma tsakanina da ita, ta kau da kai ta ce, "In ba a sha ba ƙuda zai sha." Na sha, har na tsotse ƙwallon ya yi fari.

Sai wajen azahar aka ce a hau. Motar ta cika irin cikar da na sani, har da ƙari. Inna ta samu buhunta, kusa da wata mata mai sayar da daddawa, ƙatuwa, mai murya kamar ta maza, da kwandonta a gaba. Inna ta kwance goyo, ta dubi hagu ta dubi dama, ta yi tsakinta. "Ke, zo nan, babu wuri."

Kafin in zauna mai daddawa ta ce, "A'a! Wannan zanƙaleliyar yarinya a cinya? Baiwar Allah, ai sai ta karya ki. Ga ɗan wuri nan gefen kwandona, zo ki zauna, 'yata." Ta ja kwandon, kuma ga wurin nan, ba ƙarya, zai ɗauke ni.

Na tsaya a sunkuye, ban san inda zan sa kaina ba. Inna ta ce, "Jaririyar ba ta yarda da kowa sai ita."

Ƙanwata fa! Yarinyar da ko mai tallan itace ya miƙa hannu sai ta tafi. Na zauna a cinyar Inna, aka ɗora mini jaririya, hannuwa suka zagayo. Gwiwoyina suna tokarar buhun gaba. Kaina ya wuce haɓarta, sai da na zame ƙasa kaɗan na lanƙwashe wuya sannan ya koma inda ya saba zama. Wuyan ya yi ciwo, ban damu ba.

Mun yi nisa, rana ta fara sanyi, sai motar ta kafe a wani rairayi mai zurfi. Wannan ba sabon abu ba ne, kusan kowace shekara sai an yi. Aka ce kowa ya sauka. Maza suka shiga saro kaba suna shimfiɗawa a ƙarƙashin taya, mu mata muka koma inuwar wani gawo. Inna ta buɗe ƙwaryar fura za ta dama, hannunta ba sarari, ni kuma ina zuba mata ruwa daga gora. Mai daddawa ta ce, "Kawo ta nan kafin ku gama." Kafin Inna ta buɗe baki, ƙanwata ta riga ta miƙa hannuwa tana dariya. Ta haye ƙirjin matar, ta yi wasa da duwatsun wuyanta, ba a jima ba ta yi barci abinta, har da munshari.

Matar ta dubi jaririyar da aka ce ba ta yarda da kowa. Ta dubi Inna. Ta dube ni, tun daga kai har ƙafa.

"'Yar fari ce?" ta tambaya a hankali.

Inna ta ci gaba da dama fura kamar ba da ita ake ba. Ludayin ne kawai ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

Aka fitar da motar, aka ce a hau. Asiri ya tonu, ga wuri a gefen kwando, ga jaririya a hannun wata. Inna ta zauna a buhunta, ta miƙa hannu a ba ta 'yarta. Mai daddawa ta ce, "Barci take, alhaki ne a tashe ta. Bar ta a nan." Sannan ta sa ƙafa ta tura kwandonta cikin ɗan wurin nan, ta cike shi tsaf, ta ɗaga murya yadda har mazan baya sun ji. "Kai, yau mota ba wuri! Ke yarinya, tsayuwar me kike yi? Koma inda kika taso."

Na koma. Na zauna, cinyata ba kowa. Motar ta tashi, hannuwan Inna suna gefe, ɗaya a kan buhu ɗaya a kan katako. Muka faɗa ramin farko, ba ta motsa ba. A na biyu na yi gaba kamar zan kife, sai na ji ta taro ni. Na jira ta saki. Ba ta saki ba. Hannuwan suka zagayo, yatsunta suka sarƙe a kan cikina, ina kallonsu, ga tabon ƙunar da tukunyar tuwo ta yi mata a bayan hannu. Ba jariri, ba gora, ni ce kawai a ciki. Mai daddawa ta juya mana ƙeya, ta shiga ba wata mata labarin tsadar kalwa, ba ta sake waiwayowa ba.

Na yi kuka, amma ba mai sauti ba, hawaye ne kawai, iska na busar da su. Na san ta sani, don ƙirjina yana motsi a ƙarƙashin hannunta. Can ta sunkuyo, bakinta dab da kunnena, ta ce, "Kin yi nauyi." Iyakar abin da ta faɗa ke nan a hanyar duka. Na riƙe shi har yau da nake da jikoki.

Rana ta yi ja muka shiga Dungas. Tun daga nesa na hango Kaka a gindin kuka, ta kare ido da hannu. An ce tun da Baba ya iso take wurin, an yi an yi ta koma gida ta ƙi. Motar ta tsaya dab da ita, kuma ta gan mu sarai ta tsakanin katakai, ni zanƙaleliya a cinya, jaririya a hannun baƙuwa. Inna ta zare hannuwanta da sauri ta ture ni. "Ke, tashi, kin kashe mini ƙafa." Da ta sauko kuwa ɗingishi take yi.

Kaka ta karɓi jaririya, ta ce da ni, "Mai kan ƙwarya, an girma." Muryarta ba ta yi kaifin da ta saba ba. Inna ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa wa iska kamar kullum.

A tsakar gida aka shimfiɗa tabarma. Baba ya yi wanka tun tuni, ya huta, ya sha fura, amma haushin bai sake shi ba. Ya zauna daga nesa kaɗan, yadda suruki ke yi, yana ba Kaka labari cikin ladabi. Mota sabuwa fil, ba kowa a ciki, tafiya kamar a kan tabarma, amma aka ƙi ta, aka zaɓi a yini a rana a shigo cikin awaki. "Ni dai ban gane ba," in ji shi. "Wai tsoron tsalle."

Inna na zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta ba mu gefe, an miƙa mata ruwa a ƙwarya. Kaka ta jawo ni gabanta tana kakkaɓe mini kai, tana cire ɓawon gyaɗa da gashin kaza daga kitsona. Ta daɗe tana tsintar abin da babu shi a kaina. Sannan ta yi magana, ba da ni ba, ba da Baba ba, idonta a kan katanga.

"Ni a zamanina babu mota."

Baba ya ce, "Ai kuwa, kun sha tafiyar ƙasa," ya ci gaba da zancen fenti.

Na saci kallon Inna. Ƙwaryar na bakinta, amma ba sha take yi ba. Ta daɗe a haka, fuskarta a ɓoye a cikin ƙwaryar, har ruwan ya fara zuba a kan zanenta.